Jagorar ziyartar cibiyar nazarin sararin samaniya ta rediyo a hamadar Niyu Meziko

Duk wanda ya yi niyyar tuƙa mota cikin hamada domin ya ga cibiyar da ake nazarin sararin samaniya da igiyoyin rediyo, ya kamata tun kafin ya ɗaure kayansa ya san abin da zai tarar da kuma abin da ba zai tarar ba. Babu wani madubin hangen nesa da za a ba shi ya ɗora ido ya ga taurari, kuma ba da dare ake karɓar baƙi ba. Abin da zai gani shi ne manya-manyan fararen farantai na ƙarfe a tsaye cikin fili fetal, dukkansu sun fuskanci wuri guda a sama da rana tsaka, ba hayaniya, ba cunkoson jama'a. Wanda ya je bai san aikin da suke yi ba, hoto biyu zai ɗauka ya koma mota cikin rabin sa'a yana ganin tafiyar ba ta biya ba, alhali wanda ya je da sani zai iya yin wuni a wurin bai ƙosa ba. Shi ya sa a wannan jagora fahimtar wurin ta zo gaban shirin hanya.

Cibiyar da za mu bi hanyarta ita ce wadda ake kira VLA a taƙaice, wato Very Large Array kamar yadda aka rubuta a allunan hanya, a jihar Niyu Meziko da ke kudu maso yammacin Amurka. Akwai takwarorinta a wasu hamadun duniya, kamar ALMA mai farantai 66 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, da MeerKAT mai farantai 64 a yankin Karoo na Afirka ta Kudu, amma farantan ALMA suna kan tudu mai tsayin kusan mita 5,000 inda ba a barin baƙo ya hau yadda ya ga dama, ita kuma MeerKAT tana cikin yankin da doka ta tsare daga hayaniyar rediyo. VLA ce mutum zai iya tuƙa motarsa a kan kwalta har ƙofarta, ya sauka, ya taka da ƙafarsa zuwa gindin faranti mai aiki.

Mataki na farko: ka san abin da za ka gani

Igiyoyin rediyo da hasken da ido ke gani dangi ɗaya ne, bambancinsu tsawon zango. Zangon hasken da muke gani bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, na rediyo kuwa yana kaiwa daga milimita zuwa mitoci. Abubuwa da yawa a sararin samaniya suna fitar da irin wannan haske da ido ba ya gani: iskar haidurojin mai sanyi da ke tsakanin taurari tana fitar da shi a zango mai tsawon santimita 21, ragowar taurarin da suka fashe suna fitar da shi, haka nan feshin da ke fitowa daga kewayen manyan baƙaƙen ramuka, wato wuraren da ƙarfin jansu ya kai ko haske ba ya kuɓuce musu, a tsakiyar gungun taurari. Igiyoyin rediyo suna ratsa ƙurar da ke tare hasken ido, kuma hasken rana ba ya dusashe su, shi ya sa cibiyar take aiki dare da rana. Mutane da yawa suna zuwa da tunanin cewa ma'aikatan wurin suna sanya abin ji a kunne suna sauraron sama. Ba haka ba ne: kwamfuta ce ke juya saƙon zuwa lambobi, lambobin kuma su zama hoto, launukan da za ka gani a hotunan cibiyar masana ne suka zaɓa domin su nuna inda saƙo ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni.

Wannan fanni bai tsufa ba. Wani injiniyan kamfanin Bell a jihar New Jersey, Karl Jansky, yana binciken abin da ke kawo shuu a layin tarho na rediyo, sai ya gano cewa wani ɓangare na ƙarar daga tsakiyar gungun taurarinmu yake fitowa, aka kuma bayyana hakan a 1933. A 1937 Grote Reber ya gina faranti mai faɗin kusan mita 9 a bayan gidansu a jihar Illinois, ya shiga zana taswirar sama da shi. An fara ginin VLA a 1973, aka ƙaddamar da ita a 1980, sannan bayan an sabunta kayan lantarkinta gaba ɗaya aka raɗa mata sunan Jansky a 2012. NRAO, wato hukumar nazarin sararin samaniya ta rediyo ta ƙasar, ita ce ke gudanar da ita da kuɗin gidauniyar kimiyya ta gwamnatin Amurka.

Farantan da ke aiki 27 ne, kowanne faɗinsa mita 25, nauyinsa ya haura tan 200, akwai kuma na 28 wanda ake juyawa da shi domin kullum a sami ɗaya a wurin gyara. An jera su tara-tara a kan rassa uku masu siffar harafin Y, biyu daga cikin rassan tsawonsu kilomita 21 ne, na arewa kuma ya ɗan gaza haka. Tambayar da ta fi dacewa baƙo ya riƙe a ransa ita ce: me ya hana a gina faranti ɗaya babba a huta? Amsar ita ce, kaifin ganin kowace na'urar hangen nesa ya dogara ne ga faɗinta idan an gwada shi da tsawon zangon da take karɓa. Tun da zangon rediyo yana da tsawo ƙwarai, kafin faranti ɗaya ya ga sama da kaifi irin na manyan madubai sai faɗinsa ya kai kilomitoci, kuma babu ƙarfen da zai ɗauki wannan nauyi ya juya. Dabarar da aka yi ita ce a warwatsa ƙananan farantai a fili, a sa su duba abu ɗaya a lokaci ɗaya. Saƙon da ya taso daga sama ba ya isa ga farantai biyu a daidai lokaci guda, akwai ɗan bambanci ƙanƙani, kuma wannan bambancin ne ke nuna daga wane gefen sama ya fito. Farantai 27 suna ba da tagwaye 351, babbar kwamfutar cibiyar, wadda aka ƙera a Kanada, tana gwada saƙon kowane tagwaye ba tsayawa, sannan yayin da duniya ke juyawa jerin farantan yana kallon abin daga sababbin kusurwoyi, har a cike giɓin da ke tsakaninsu. Martin Ryle na jami'ar Kambirij ya sami lambar Nobel a 1974 saboda wannan dabara. Idan ka riƙe wannan bayani, duk abin da za ka gani a wurin zai faɗa maka ma'anarsa da kansa.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Nan ne akasarin matafiya suke yin sakaci, domin suna duba yanayin sama su manta da duba tsarin da farantan suke ciki. Ba a kafe suke wuri ɗaya ba. Kusan duk bayan wata huɗu ana ɗaga su a sauya musu mazauni, ana zagaya manyan tsare-tsare huɗu masu suna A, B, C da D. A tsarin A an baza su har ƙarshen rassan, tazarar da ke tsakanin mafi nisa ta kai kilomita 36, kuma a nan ne na'urar ta fi kaifin gani, amma baƙon da ke tsaye a tsakiya kaɗan zai gani kusa da shi, sauran sun zama ɗige-ɗige a bakin sama. A tsarin D an tattaro su duka cikin fili mai faɗin kusan kilomita ɗaya, wanda ya dace da nazarin abubuwa masu faɗi da raunin haske, kuma shi ne tsarin da ake ganin su cunkushe kamar yadda ake gani a hotuna. Hukumar tana wallafa jadawalin tsare-tsaren a shafinta na intanet tun da wuri. Idan burinka hoto ne, ka nemi D ko C. Ni a ganina tsarin A ma yana da nasa darasi, domin babu abin da ke nuna wa mutum girman na'urar kamar ya yi ta tuƙi na mintuna yana hangen faranti ɗaya tilo can nesa, ya san cewa shi da waɗanda ke bayansa abu guda suke kallo. Wanda tafiyarsa ta dace da makonnin sauya tsari kuwa yana iya dacewa da ganin motar dako ɗauke da faranti sukutum a kan layin dogo.

Sai yanayi. Filin San Agustin, inda cibiyar take, tsohon gindin tafki ne da duwatsu suka kewaye, tsayinsa daga teku mita 2,124. An zaɓe shi ne saboda shimfiɗarsa, da bushewar iskarsa, da nisansa daga birane, da kuma duwatsun da ke tare igiyoyin rediyo na mutane. Kalmar hamada kada ta ruɗe ka ka ɗauka zafi ne kullum. Daga Disamba zuwa Fabrairu ana yin sanyi mai tsanani, dusar ƙanƙara tana sauka, hanya tana yin santsi. A Maris da Afrilu iska ce ke kaɗawa da ƙarfi tana tayar da ƙura. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce irin ta can, inda hadari kan taso bayan azahar da tsawa da walƙiya, kuma fili mai faɗi cike da dogayen ƙarafa ba wurin tsayuwa ba ne idan aradu ta fara. Ƙarshen Satumba da Oktoba sun fi daɗi ga mai tuƙi, sai kuma watan Mayu. Kowane wata ka zaɓa, ka tsara isa da hantsi.

Kafin ka tsayar da rana, ka duba shafin cibiyar don sanin lokutan buɗewa, da kuɗin shiga da yadda ake sayen tikiti, da ranakun da ma'aikata ke zagayawa da baƙi suna yi musu bayani. Waɗannan abubuwa suna sauyawa, kuma akan rufe wurin a wasu ranakun hutu ko idan yanayi ya ɓaci. Ka sake dubawa da safiyar ranar tafiya tun kana inda akwai sabis.

Mataki na uku: mota da guzuri

Hanyar kwalta ce tun daga farko har ƙarshe, saboda haka ƙaramar mota mai lafiya ta isa, ba sai mai jan ƙafa huɗu ba. Idan motar haya za ka ɗauka, ka tabbatar lasinka yana aiki a can, ka karanta sharuɗɗan inshora, musamman abin da suka ce game da hanyar da ba kwalta, domin kamfanoni da yawa ba sa biyan ɓarnar da ta auku a irin wannan hanya. Kafin ka bar harabar kamfanin ka buɗe but da hannunka ka ga ko akwai safayar taya da jak da abin kwance noti, saboda wasu sababbin motoci ba sa zuwa da safaya sam. Ka duba iskar tayoyi, da ruwan lagireto, da baƙin mai, da fitilu.

A Amurka ana tuƙi a hannun dama, nisa da gudu ana auna su da mil, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne. Fetur ana sayar da shi da galan, wanda ya kai kusan lita 3.8, zafi kuma ana faɗinsa da ma'aunin Faranhait. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 911, sai dai tana buƙatar sabis, sabis kuwa yana yankewa a wurare da dama bayan an bar babbar hanya. Saboda haka ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gari, ka kuma rubuta kwatancen a takarda, domin akwai inda za a buƙaci ka kashe wayar gaba ɗaya. Ka sanar da wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran dawowa.

Ruwa shi ne guzurin da ba a yi masa ƙwauro. Ƙa'idar da masu tafiyar hamada ke bi ita ce kimanin lita huɗu ga kowane mutum a wuni, da ƙari a but saboda tsautsayi. A wuri mai tudu da busasshiyar iska gumi yana bushewa kafin a gan shi, sai mutum ya ƙafe bai sani ba, ciwon kai ne zai fara sanar da shi. Ka riƙa sha tun ƙishi bai kama ka ba. Babu gidan abinci kuma babu gidan mai a cibiyar, don haka ka tafi da abin da za ka ci. Ka ɗauki malafa, da baƙin tabarau, da man kare fata daga rana, da rigar sanyi ko da a watan zafi ne, da takalmi rufaffe. Mai ciwon zuciya ko na numfashi ya nemi shawarar likitansa kafin ya hau tudu irin wannan.

Mataki na huɗu: hanya

Akasarin baƙi daga birnin Albuquerque suke tasowa, inda babban filin jirgin saman jihar yake. Daga can za ka bi babbar hanya mai lamba 25 ka yi kudu, kusa da kogin Rio Grande, kimanin kilomita 120 zuwa garin Socorro. Wannan gari shi ne zangon da ya fi dacewa a kwana, akwai masaukai da kantuna da gidajen mai, kuma a harabar jami'ar fasaha ta garin ne ofishin da masana da injiniyoyin cibiyar suke aiki yake. Ka cika tanki a Socorro ko da kana ganin man da ke ciki zai kai ka.

Daga Socorro ka kama hanya mai lamba 60 ka yi yamma. Tafiyar kilomita 80 ce, kusan sa'a ɗaya, kuma hawa ake yi a hankali daga kwarin kogi zuwa tudu. Bayan kilomita arba'in da ɗoriya za ka ratsa Magdalena, ƙaramin gari mai tarihin haƙar ma'adinai da fataucin shanu, wanda a da can ne makiyaya ke koro garkuna daga yamma zuwa tashar jirgin ƙasa. Shi ne gari na ƙarshe kafin cibiyar, amma kada ka dogara da cewa za ka sami komai a buɗe a lokacin da kake so. Bayan Magdalena duwatsu za su ja baya, fili ya buɗe, ka fara hango fararen farantai daga nesa. A nan ne haɗari yake, domin ido yana barin kwalta ya koma kansu. Akwai wurin tsayawa a gefen hanyar da aka tanada don kallo, ka jira ka kai can. Daga hanya ta 60 za ka juya hagu, wato kudu, ka hau hanyar jiha mai lamba 52, ka yi kimanin kilomita huɗu, sannan ka juya dama ka bi allunan har zauren baƙi. Kada ka bi wata ƙaramar hanyar ƙasa don taswirar waya ta ce ta fi kusa, kuma kada ka bi hanyoyin ma'aikata da ke gefen layin dogo.

Idan mota ta lalace a wannan yanki, ka gangara gefe sosai, ka kunna fitilun gargaɗi, ka ɗaga bonet, ka zauna kusa da motarka. Hanya ta 60 ba ta rasa masu wucewa, kuma an fi saurin ganin mota fiye da mutum mai tafiya a ƙasa. Abin da ido ke gani kusa a irin wannan fili yakan zama tafiyar sa'o'i.

Mataki na biyar: ka kashe duk abin da ke watsa saƙo

Wannan mataki gajere ne a aikace, amma shi ne haƙƙin da wurin yake da shi a kan baƙo. Saƙon da farantan ke karɓa ya yi tafiyar shekaru dubbai, wani ma miliyoyi ko biliyoyi, kafin ya iso, kuma yana isowa da rauni matuƙa. Domin a iya tsinto shi, ana sanyaya na'urorin karɓa da ke cikin kowane faranti zuwa kusan digiri 258 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, saboda ɗumin kayan lantarkin kansa yana haifar da ƙarar da za ta binne saƙon. VLA tana aiki ne musamman daga gigahaz 1 zuwa 50 a ma'aunin saurin kaɗawar igiyoyin rediyo, kuma Wi-Fi da Bluetooth, da wayar hannu a lokuta da yawa, a cikin wannan tazara suke watsa nasu. Waya a kunne kusa da faranti tamkar a haska wa mutum tocila a ido ne yana ƙoƙarin hango ɗan ƙaramin tauraro. Ka tuna kuma cewa lokacin na'urar ba a banza ake samunsa ba: masana daga ƙasashe daban-daban suna rubuta buƙata, a tace, a zaɓi wasu, mai yiwuwa sa'o'in da kake tsaye a wurin su ne rabon wani ɗalibi da ya yi watanni yana jira.

Saboda haka da zarar ka ga allon gargaɗi, ko ma tun kafin ka bar hanya ta 60, ka kashe wayar, ko ka sa ta a yanayin jirgin sama sannan ka tabbatar Wi-Fi da Bluetooth a kashe suke, domin wasu wayoyi suna barinsu a kunne. Ka tuna da agogon hannu mai haɗuwa da waya, da abin ji na kunne marar igiya, da kyamarar da ke tura hoto da kanta, da Wi-Fi na cikin mota. Ba a yarda da tayar da jirgi marar matuƙi a wurin ba. Idan tare da iyali kake, ka bi wayar kowa ɗaya bayan ɗaya, har da ta yara.

Mataki na shida: zagayawa

Ka fara da zauren baƙi, ka kalli ɗan gajeren fim ɗin da ake nunawa, ka karɓi takardar da ke nuna hanyar zagaye da ƙafa. Zagayen ba shi da tsawo, amma ka ba shi aƙalla sa'a ɗaya da rabi, ka yi tafiya a hankali saboda tudu.

Kusa da farkon hanyar akwai wasu farantai biyu da aka kafa suna fuskantar juna da tazara a tsakaninsu. Mutum ɗaya ya tsaya gaban wannan, ɗaya gaban wancan, idan ɗaya ya yi raɗa ɗayan zai ji shi sarai. Kada ka wuce su da tunanin wasan yara ne, domin su ne suke nuna maka a aikace yadda lanƙwasar faranti ke tattara abin da ya bazu ta kai shi wuri guda. Akwai kuma agogon rana da aka gina da ginshiƙan kankare na tsohuwar na'urar rediyo ta masani Ronald Bracewell ta jami'ar Stanford, waɗanda masana da dama da suka ziyarce shi suka sassaƙa sunayensu a jiki.

Daga nan hanya za ta kai ka gindin faranti mai aiki, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Idan ya kalli sama sosai tsayinsa ya kusa mita 29. Ka dubi ƙafafu huɗun da suka taso daga cikin farantin suka riƙe wani ƙaramin madubi a sama: babban farantin yana tattara igiyoyin ya tura su ga wannan ƙaramin, shi kuma ya mayar da su ƙasa zuwa bakin na'urorin karɓa da aka jera a tsakiya, kuma ta hanyar juya ƙaramin madubin ne ake zaɓar wadda za ta karɓa. Ƙarar da za ka ji tana bugawa a kai a kai ta injin sanyaya ce. Ka dubi ƙasa kuma, za ka ga farantin yana zaune a kan ginshiƙan kankare uku, an ɗaure shi da noti, ga layin dogo mai tagwayen hanyoyi yana wucewa kusa. Irin waɗannan mazaunai 72 ne a faɗin filin. Idan lokacin sauyi ya yi, motar dako tana shiga ƙarƙashin farantin, a kwance notin, ta ɗaga shi, ta tafi da shi a hankali zuwa sabon mazauni, a sake haɗa shi da wutar lantarki da wayar gilashi mai kai saƙo ga kwamfuta. Idan ka yi haƙuri ka tsaya, akwai yiwuwar ka ga dukkan farantan sun motsa tare zuwa wani sabon gefen sama, abin da ke nuna cewa an gama duba abu ɗaya an koma wani. Ko da ka ga kamar a tsaye suke, suna bin abin da suke kallo a hankali yadda ido ba zai lura ba.

Barandar da ke jikin ginin sarrafawa ita ce wurin da ake ganin tsakiyar jerin, inda rassan uku suka haɗu. Daga nesa kuma za ka hango wani dogon gini, a cikinsa aka harhaɗa farantan tun farko, kuma a can ake shigar da su gyara. Yana da kyau kana tsaye a barandar ka san kaɗan daga abin da aka yi da wannan na'ura: a 1988 da ita aka ga zoben Einstein na farko, wato hasken abu mai nisa da nauyin wani gungun taurari ya lanƙwasa ya zama da'ira, a 1989 ta taimaka wajen karɓar saƙon kumbon Voyager 2 lokacin da ya wuce duniyar Naftun, a 1991 kuma, tare da na'urar rada ta Goldstone da ke jihar Kaliforniya, ta nuna alamar ƙanƙara a ƙuryar arewacin Makyuri, duniyar da ta fi kowace kusa da rana.

Ka tsaya a kan hanyar da aka shata. Kada ka hau layin dogo, kada ka tsallake shinge, kada ka taɓa kayan aiki. A watannin ɗumi akwai macizai masu dafi a cikin ciyawa, irin waɗanda wutsiyarsu ke kaɗa ƙara, saboda haka ka riƙa duba inda kake sa ƙafa, yara kuma su kasance kusa da kai. Da ka ji tsawa, ko da daga nesa ne, ka koma cikin gini ko cikin mota ka rufe gilashi. Game da hoto, hasken safiya da na la'asar sun fi na tsakar rana fito da siffar farantan, kuma idan ka sa mutum ya tsaya a gindin ɗaya girmansa zai fito.

Mataki na bakwai: barin wurin

Ana rufe wa baƙi ƙofa kafin dare, kuma ya fi kyau ka tashi da sauran rana sosai. Daga la'asar sakaliya zuwa magariba dabbobi suke fitowa bakin hanya: bareyin da ke kiwo a filin, da manyan dangoginsu masu rassan ƙaho da ke saukowa daga duwatsu, wani lokaci har da shanu. Karo da babbar dabba a guje yana hallaka mota da mutanen ciki. Idan ka ga ɗaya ta tsallaka, ka rage gudu ka sa ran wasu suna biye, kuma ka taka birki a miƙe maimakon ka fizge sitiyari.

Wanda zai ci gaba yamma zai tsallaka layin dogon reshen arewa, wanda ya ratsa hanya ta 60, ya wuce ƙauyen Datil da Pie Town har iyakar jihar Arizona. Garuruwan wannan ɓangare ƙanana ne kuma nesa da juna, rana mai faɗuwa kuma tana dukan idon direba kai tsaye, don haka kada ka nufi can da ƙasa da rabin tanki ko da ragowar ruwa kaɗan. Wanda zai koma Socorro kuma, idan lokacin sanyi ne, yana iya ƙara kwana ɗaya ya je gandun Bosque del Apache da ke kudu da garin, inda dubban tsuntsaye masu ƙaura suke sauka. Ko ta wace fuska ka bi, ka bar wayarka a kashe har sai ka yi nisa da farantan, kuma idan suna cikin tsarin A ka tuna cewa na ƙarshensu yana iya kasancewa kilomita ashirin daga zauren baƙi.